Kafin ka nuna mana taswirar ruwan sama, nuna mana namelist ɗinka

1/ Zare 🧵 Wannan na 'yan ajin ƙarshe ne, musamman 'yan fiziks, jogirafi da nazarin yanayi masu furojet da WRF. Ra'ayina: duk furojet ɗin da ya zo da taswirar ruwan sama mai launi-launi amma babu fayil ɗin saitin da ya haife ta, bai kamata ya wuce difens ba. Na san wasu za su ji haushi. Ku biyo ni dai.

2/ Ga wanda bai sani ba, WRF manhaja ce ta kwaikwayon yanayi. Ka ba ta halin da sama take ciki yanzu, zafi da iska da danshi, ita kuma ta lissafa yadda abin zai kasance nan da awa shida, kwana uku, ko damina guda. Cibiyar NCAR da ke Amurka ce ke kula da ita, an fara sakinta a 2000. Tana GitHub, ko sisi ba ka biya.

3/ Dabarar ita ce a yanka sararin sama gida-gida kamar dara. Kowane gida da faɗinsa, a ce kilomita 27, ko 9, ko 3, sannan a jera su hawa-hawa daga doron ƙasa zuwa can sama. A kowane gida kwamfuta ta warware lissafin motsin iska da zafi, ta matsa gaba da 'yan daƙiƙoƙi, ta sake. Haka har ta cinye kwanakin da ka ba ta.

4/ To ga inda maganar take. Akwai abubuwan da suka fi gidan darar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa cikin gajimare. Iskar da ke murɗawa a kan gona da tsakar rana. Hadarin da faɗinsa bai wuce kilomita biyu ba, a cikin gida mai kilomita 27. Lissafin ba ya ganinsu, sai dai a yi musu kirdado.

5/ Kuma kirdadon ba ɗaya ba ne, masana sun sha bamban. Shi ya sa aka gina WRF sashe-sashe, kana iya zare wani ka saka wani. Sashen cikin gajimare daban, na haɗuwar hadari daban, na iskar da ke gogar ƙasa daban, na hasken rana daban, na danshin ƙasa da ciyayi daban. Kowane sashe da zaɓinsa. Na cikin gajimare kaɗai ya haura ashirin.

6/ Duk zaɓin nan a fayil guda yake zaune, namelist.input. Rubutu ne zalla, ko a waya za ka buɗe shi. Ka rubuta cu_physics = 1, ka ɗauki Kain-Fritsch. Ka mayar da shi 2, Betts-Miller-Janjic ke nan. 16 kuma sabon Tiedtke. Lamba ɗaya ka taɓa, amma ka canza yadda kwamfutar take fahimtar haɗuwar hadari gaba ɗaya.

7/ Saboda haka in mutum ya ce "WRF ta nuna za a yi milimita kaza a Gusau", tambayar farko ita ce, wace WRF ɗin? Ɗalibai biyu, manhaja ɗaya, gari ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ya samu ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗaya ya samu yayyafi. Babu wanda kwamfutarsa ta lalace. Saitin ne ya bambanta.

8/ Me ya sa ba ma kula da wannan? Saboda kafin ka iso namelist ka riga ka galabaita. WRF ba irin manhajar da za ka sauke ka danna sau biyu ta buɗe ba ce. Ɗanyen kod ake miƙo maka, galibinsa Fortran, kai za ka harhaɗa abinka a Linux. Mai Windows sai ya raba faifai ya saka Ubuntu, ko ya bi ta WSL.

9/ Kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da 'yan rakiya. netCDF don rubuta sakamako, shi ma na C daban na Fortran daban. HDF5 da zlib a ƙarƙashinsa. MPICH ko OpenMPI don raba aiki tsakanin ƙwaƙwalen kwamfuta. JasPer da libpng don buɗe bayanan GRIB2.

10/ Dokar kuwa, kamfayila ɗaya ce za ta harhaɗa su duka. Ka yi netCDF da gfortran sannan ka zo ka yi WRF da ifort, ka sayi rigima da kuɗinka.

11/ Sai ka buga ./configure ta zubo maka jerin lambobi. Yawancinmu 34 muke ɗauka, wato gfortran da MPI. Sai ./compile em_real, ka tafi ka yi sallah ka ci abinci ka dawo. In ka ga fayil huɗu, wrf.exe, real.exe, ndown.exe da tc.exe, ka tsira. In ba ka gan su ba, ka buɗe log ka nemi Error mai babban E, ka fara daga na farko, sauran duk 'ya'yansa ne.

12/ Wani abin ma ba laifinka ba ne. Da gfortran 10 ta fito a 2020 ta tsaurara doka kan wani salon rubutu da ta saba kau da kai a kansa, sai tsofaffin WRF suka ƙi harhaɗuwa sai an ƙara -fallow-argument-mismatch. Kai kuma bidiyon YouTube na 2018 kake bi layi-layi, kana mamakin me ya sa nasa ya wuce naka ya tsaya.

13/ Don haka ranar da wrf.exe ta bayyana, mutum ya ɗora hoton baƙin allon a sitatus da "Alhamdulillah", wallahi ban ga laifinsa ba. Ya sha wuya. Amma fartanya kawai ya wasa, gonar tana nan ba a taɓa ta ba.

14/ Don akwai WPS, mai shirya kayan aiki, shi ma hawa uku ne. geogrid ya zana maka yankin, tudu da kwari, daji da birni da ruwa. ungrib ya kwance bayanan yanayi da ka sauko da su. metgrid ya shimfiɗa su a kan gidajen darar taka. Bayan nan real.exe ta gina halin farko da na iyakoki, sannan wrf.exe ta fara tafiya.

15/ Bayanan doron ƙasa da geogrid ke buƙata, masu kaifin nan, in ka kwance su sun kusa gigabait 30. Na yanayi kuma ko GFS na Amurka, ko ERA5 na cibiyar ECMWF ta Turai. Kowanne da Vtable ɗinsa, kowanne da yawan hawansa: num_metgrid_levels 34 a GFS, 38 a ERA5. Ka saka na wani a wani, real.exe ta tsaya cak.

16/ Zuwa yanzu wata guda ya tafi, data ta ƙare sau uku, sufabaiza yana tambayar babi na huɗu. Me ɗalibi zai yi? Ya ɗauki namelist ɗin da ya zo da manhajar, ko na wani siniya da ke yawo a filasha tun shekara huɗu, ya canza kwanan wata da wurin, ya danna. A nan nake da magana.

17/ Ku buɗe namelist.input ɗin da ke zuwa da WRF 4. Akwai layi: physics_suite = 'CONUS'. Kun san ma'anar CONUS? Jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna. Haɗin sassa ne da aka gwada aka gamsu da shi a can: Thompson, Tiedtke, MYJ, RRTMG, Noah. Kai kuma ka ɗauke shi haka nan ka kafa a kan Katsina.

18/ Alhali kusa da shi akwai 'tropical', tun fitowar 3.9 a 2017, mai WSM6, sabon Tiedtke da YSU. Ba ina cewa tropical ita ce daidai ga Sahel ba, ko CONUS haramun ce. Mai yiwuwa ka gwada ka ga CONUS ta fi kama daminar da kake nazari. To ka rubuta hakan. Abin da ba na yarda da shi shi ne zaɓin da mai furojet bai ma san ya yi ba.

19/ Haka namelist.wps. Misalin da ke ciki yankin kudu maso gabashin Amurka ne, da salon shimfiɗa taswira na lambert, wanda aka yi domin ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa. Jagorar WRF da kanta mercator take ba da shawara ga irin yankinmu. Amma je ka duba furojet na baya a laburaren sashe, za ka sha lambert.

20/ Sai taswirar abin da ke kan ƙasa. Tsohon zaɓin USGS daga hotunan tauraron ɗan'adam na 1992 zuwa 1993 aka haɗa shi. Ka tuna girman Abuja a lokacin. Ka tuna inda Kano ta tsaya a lokacin da inda ta kai yanzu. Mai nazarin zafin birni da wannan taswirar, birnin iyayensa yake aunawa.

21/ Tafkin Chadi ma abin lura ne. A shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, kuma har yau yana cika yana janyewa. Wane tafkin ne a cikin kwamfutarka? Na wace shekara?

22/ Ƙari a kan haka, in bayanan da ka sauko da su ba su ga tafkin ba, metgrid na iya aro masa zafin ruwa daga ruwan da ya fi kusa da ya gani, ko da teku ne mai nisan ɗaruruwan kilomita. Akwai ɗan kayan aiki, avg_tsfc.exe, da aka yi don magance wannan. 'Yan Borno da Yobe da Diffa, wannan naku ne.

23/ Yanzu babbar maganar, ruwan sama. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Gari ya yi zafi ya yi tsit, gabas ta yi baƙi, iska mai ƙura ta riga shi isowa tana kwashe shanya, sannan ruwa ya sauko da ƙarfi, awa ɗaya ko biyu ya wuce yamma.

24/ Wannan da kakarka ta sani shi ne abin da masana suka auna. Mafi yawan ruwan Sahel daga irin waɗannan manyan hadarurruka masu tafiya a jere yake zuwa. Sukan haɗu da la'asar a kan tuddai, irin duwatsun Azbin ko tudun Jos, su yi ta tafiya yamma ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa a Yamai ruwa ya fi sauka da tsakar dare zuwa asuba: hadarin ba a nan aka haife shi ba, tafiya ya yi ya iso.

25/ To sassan kirdadon hadari, irin su Kain-Fritsch, kowane gida suke kallo shi kaɗai, daga ƙasa zuwa sama. Da rana ta gasa ƙasa, danshi ya taru, sai su saki ruwa nan take a wurin. Sakamakon da aka daɗe da sani: ruwa ya sauko da wuri, wajen azahar, kusan kullum, kaɗan-kaɗan. Hadarin da ke tafiya, da sanyayyiyar iskar nan mai ƙura da ke gabansa, ba sa fitowa yadda ya kamata.

26/ Abin haushin, jimillar wata na iya fitowa kusa da gaskiya. Milimita 200 a Agusta, a taswira ya yi kyau. Amma milimita 200 da ta sauka cikin ruwa bakwai masu ƙarfi daban take da wadda ta sauka yayyafi kullum. Ta farko ita ke cika kwata ta rusa katangar ƙasa. Ta biyu a kwamfuta kawai take.

27/ Maganin da aka samu shi ne a ƙanƙanta gidan dara zuwa wajen kilomita 4 ko ƙasa, a kashe kirdadon, cu_physics = 0, a bar lissafin ya gina hadarin da kansa. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta yi wa Afirka gaba ɗaya haka da gida mai kilomita 4.5, aikin da ake kira CP4-Africa, kuma lokacin saukar ruwa da ƙarfinsa sun fi kama da na gaske.

28/ Sai dai tsada. Ka raba faɗin gida biyu, gidaje sun ninka huɗu, takun lokaci kuma dole ya ragu da rabi, aiki ya ninka takwas. Daga kilomita 27 zuwa 3 a yanki ɗaya: 9 sau 9 sau 9. Sau 729. Abin da laftof ɗinka ta gama cikin awa ɗaya zai ci wata guda cur.

29/ Shi ya sa ake yin gida cikin gida: babban yanki mai kilomita 27, a cikinsa na 9, a cikinsa na 3. Dabara ce mai kyau. Amma ka lura, in na ukun jihar Kano kawai ya rufe, hadarin da zai zo Kano a waje za a haife shi, inda kirdado ke mulki. Abin da ya shigo ta iyakar gabas shi za ka samu. Inda ka ja layin iyakar ma zaɓi ne na kimiyya.

30/ Na tsakiyar kuma, mai kilomita 9, shi ne ɗan rigima. Ya yi ƙanƙanta ga kirdado, ya yi girma ga lissafi kai tsaye. Wasu su kunna, wasu su kashe, wasu su ɗauki Grell-Freitas da aka gina don ya rage hannu yayin da gida ke ƙanƙancewa. Duk wanda ka yi, za a iya kare shi. Amma sai ka san ka yi shi.

31/ Wani zai ce ai in saitin ba daidai ba ne manhajar za ta faɗa. A wasu wuraren, e. Ka ɗauki MYJ ba tare da abokin tafiyarsa sf_sfclay_physics = 2 ba, za ta ƙi tashi. Ka sa time_step ya wuce faɗin gida a kilomita sau shida, misali sama da daƙiƙa 54 a gida mai kilomita 9, ka jira cfl a rsl.error.0000, daga nan ta faɗi.

32/ Waɗannan kurakuran masu kirki ne, suna ihu. Lambert a Kano ba ya ihu. CONUS a Sakkwato ba ya ihu. Tafkin da ya ari zafin teku ba ya ihu. Za ta yi tafiyarta lafiya lau, a ƙarshe ta rubuta maka SUCCESS COMPLETE WRF. Ma'anar wannan layin kawai ita ce lissafin ya kai ƙarshe bai fashe ba.

33/ Akwai kuma awannin farko. In ka tayar da WRF, gajimare da iska suna buƙatar lokaci su daidaita da sabon gidan dara, shi ya sa ake zubar da awa 6 zuwa 24 na farko. Danshin ƙasa ya fi haka jinkiri sosai. Wanda ya fara lissafi da safiyar ranar da aka yi ambaliya ya kuma auna ruwan ranar, ɗumamar injin ya auna.

34/ Bari in ba ku labarin Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila. Lokacin yaƙin duniya na farko yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa, a tsakanin aiki ya zauna da fensir ya lissafa hasashen awa shida na ranar 20 ga Mayu 1910. Sati shida ya ɗauka.

35/ Amsar da ya samu: nauyin iska zai canza da hektofaskal 145 cikin awa shida. Abin da ba ya faruwa a duniyar nan. A zahiri ranar kusan bai motsa ba. Shekaru da yawa bayan haka masanin yanayi Peter Lynch ya sake lissafin ya nuna dabarar mutumin daidai take, bayanan farko ne ba a tace su ba.

36/ Ta yaya Lynch ya iya ganowa? Saboda Richardson ya buga komai a littafinsa na 1922, lambobin da ya fara da su, matakan da ya bi, har da amsar da ta kunyata shi. Da taswira kawai ya zana ya ce "sakamako ya nuna", da babu wanda zai san inda matsalar take.

37/ Kuma namelist kaɗai ma bai isa ba, sai da lambar fitowar manhajar. Misali a WRF 4.0 ta 2018 an canza tsarin jera hawa-hawan sama da manhajar ke ɗauka in ba ka ce komai ba. Fayil ɗaya, a 3.9 da a 4.0, ba gwaji ɗaya ba ne. "An yi amfani da WRF" ba tare da lamba ba kamar ka ce "na sha magani" ne a gaban likita.

38/ Har kamfayila tana da tasiri. A 1961 Edward Lorenz ya sake shigar da 0.506 maimakon 0.506127 a ƙaramin lissafinsa na yanayi, bayan ɗan lokaci sakamakon ya rabu da na farko kwata-kwata. Haka WRF take: canza kamfayila na iya taɓa lamba ta can ƙarshe, bayan kwanaki hadarin ya sauka a wani gari daban. Don haka bambanci kaɗan tsakanin gwaji biyu ba lallai ne ya zama "tasirin" abin da ka canza ba.

39/ Na san abin da za a ce. "Kai, digirin farko ne fa, ba dakta ba." Na yarda. Ban ce ɗan aji huɗu ya gwada haɗi talatin ba. Amma namelist biyu da configure.wrf 'yan kilobait ne. Shafi uku a bayan furojet. Muna buga shafin godiya mai sunan kowa har da abokan hostel, wannan ne zai gagare mu?

40/ "Ba mu da wuta, ba mu da manyan kwamfutoci." Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce hujjar da ta fi ƙarfi. Sashe ya ba ɗalibi taken da ke buƙatar gungun kwamfutoci, alhali laftof mai gigabait 8 gare shi da janareton maƙwabci, wannan ba adalci ba ne. Amma ƙarancin kayan aiki dalili ne na ƙanƙanta tambayar. Hadari ɗaya, kwana uku, saiti biyu, a yi shi da kyau. Ya fi "nazarin damina talatin" da ba wanda zai iya maimaitawa.

41/ Af, maganar wuta: restart_interval. Ka sa shi, a ce minti 360, manhajar za ta riƙa ajiye wrfrst duk awa shida na lissafi. In an ɗauke wuta ka mayar da restart = .true., ka gyara lokacin farawa, ka ci gaba daga inda ta tsaya. Ku gaya wa 'yan ajinku, akwai masu komawa farko duk lokacin da batir ya mutu.

42/ "In na saka saitina wani zai kwafa." Ɗan'uwa, ana kwafa yanzu ma, a ɓoye, ta filasha, ba tare da an san na wa ba ne ko don wane yanki aka yi shi. In yana bayan furojet ɗinka da sunanka da dalilanka, wanda ya ɗauka dole ya ambace ka, kuma ƙaninka na baɗi zai fara daga inda ka tsaya maimakon ya sake cin wata guda a kan Vtable.

43/ Malamanmu kuma, da girmamawa. A difens ana iya shafe minti goma kan tazarar layi da girman harafi. Tambaya ɗaya tak, "me ya sa ka zaɓi wannan cu_physics ɗin?", za ta raba wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa a shagon buga takardu. Kuma laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne in ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa Linux ba sai a zangon ƙarshe.

44/ Sashe ɗaya, kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi, a harhaɗa WRF sau ɗaya, a sauke bayanan ƙasa sau ɗaya, a rubuta lambar kowane ɗan rakiya a manna a bango. Ko a naɗe komai a Docker a raba. Watan da kowa ke ƙonawa shi kaɗai sai ya koma kan fiziks ɗin, wanda shi aka zo koya.

45/ Sannan a gwada da abin da ya sauka a zahiri. Ma'aunin ruwan sama na tashar da ke kusa in an samu. In ba a samu ba akwai CHIRPS tun 1981, akwai TAMSAT na jami'ar Reading tun 1983, akwai IMERG na NASA mai ba da ruwa duk rabin awa. Na ƙarshen nan shi zai nuna maka ko hadarinka da azahar ya sauka alhali na Allah da tsakar dare ya zo. Su ma ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam, shi ya sa gwadawa da biyu ya fi ɗaya.

46/ Kada ku ga kamar maki kawai ake magana. Binciken Christopher Taylor da abokansa a mujallar Nature a 2017 ya nuna hadarurruka mafiya tsanani a Sahel sun ninka uku tun 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Irin ruwan da ke yin wannan ɓarnar shi ne daidai wanda saitin kwafe ya fi kasa gani.

47/ Kuma mu ɗin nan da ke kwafar namelist yau, mu ne gobe za mu nemi aiki a NiMet, ko ACMAD da AGRHYMET a Yamai. Wata rana wani a cikinmu zai sa hannu a takardar da za ta ce damina ta kankama. Manomi ya zuba irinsa, ruwa ya ɗauke sati uku, shuka ta ƙone. Ba zai taɓa jin sunan Kain-Fritsch ba, amma shi zai sake sayen iri.

48/ 'Yan sauran sassa kada ku yi dariya. Mai OpenFOAM, fvSchemes da controlDict ɗinka fa? Mai GROMACS, ina fayil ɗin mdp? Mai Quantum ESPRESSO, nawa ka sa ecutwfc, kuma ka gwada ƙara shi ka ga ko amsar ta daina motsi? Masu RegCM ta cibiyar ICTP da ke Italiya, ku ma kuna da jerin sassan hadarin da za ku zaɓa. Duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

49/ Wanda ke da namelist da ya gwada a yankinmu, ko furojet ya wuce ko bai wuce ba, ya ɗora a GitHub ko Zenodo ya ajiye mahaɗin a ƙasan zaren nan, da lambar WRF ɗin da bayanan da ya yi amfani da su. Musamman wanda ya yi watan Agusta a Sakkwato ko Maraɗi da gida mai kilomita 3, ina son ganin inda ya kafa iyakarsa ta gabas.